Cikin da Ya Kwanta

Alhamis, 27 ga Yuli, 1978

Yau Ashafa ya baro shago da rana tsaka, abin da ba ya yi. A nan dai zan rubuta sunansa, tunda ba mai gani. Ya shigo rungume da rediyon wani da yake gyarawa, bayanta a buɗe, wayoyi na reto, ya ɗora ta kan turmi ya ce in saurara. Wai a Ingila an haifi yarinyar da ba a cikin uwarta aka fara ta ba. Uwar hanyoyin mahaifarta ne a toshe. Likitoci suka ɗauki ƙwanta da ruwan mijinta suka haɗa a kwalba, da abin ya kama suka mayar mata ciki.

Shi dariya ta kama shi. "Nasara ya rasa aikin yi," in ji shi. "Mu namu na nan, barci kurum shi ke." Ya shafa cikina ya koma shago.

Ni ban yi dariya ba. Na zauna har shinkafa ta kama.

Asabar, 29 ga Yuli

Bari in rubuta abin tiryan-tiryan, ko in na gan shi a takarda zan iya kallonsa.

Bazarar da ta biyo bayan babban fari na samu ciki, bayan shekaru da aure ba ko ɓatan wata. Ya haura wata huɗu. Na je Mawashi gaida Inna, jini ya ɓalle mini a can, na suma. Da na farfaɗo Adda ce a kaina, tsohuwar ungozomar garinmu, wadda ita ta yanke mini cibiya. Ta danna marata nan da can ta ce, "Bai hita ba. Tsorata ya yi ya kwanta. Ku bar shi, ranar da Allah ya so shi tashi." Na yi ta zazzaɓi kusan wata guda, ana ba ni jiƙo, har na miƙe.

Da na dawo Kankiya surukina, Baba Malam Sada, ya buɗe littafi ya ce lalle malamai sun san da wannan. Ciki na iya kwanciya shekara huɗu, wasu suka ce biyar.

Tun daga ranar ni ba juya ba ce. Mai ciki ce, kwantacce. A gidan suna cikin iyaye ake yi mini shimfiɗa. Ba a barina in ɗauki tulu. Jini na zuwa duk wata, Adda ta ce ai dama, mai barci ba ya ci, dole abincinsa ya zube.

In bazara mai zuwa ta yi, shekara biyar ta cika. Daga nan littafi ya rufe bakinsa, ni kuma ban san sunan da za a kira ni da shi ba. Ƙarya nake yi. Na sani.

Litinin, 7 ga Agusta

Azumi ya kama. Baba Malam ya aiko da rubutu, da shi nake buɗe baki kafin kunu. Allunan da na sha a shekarun nan, in aka jera su sun isa buɗe makaranta.

Lahadi, 13 ga Agusta

Kubura ta zo. Tun muna makarantar 'yan mata a Katsina bakinta ba shi da linzami, aikin nas da ta kama a asibitin garin nan bai ƙara mata komai ba sai ƙarfin hali. Ita ma ta ji labarin kwalba.

Ta ce, "Luba, ke fa malama ce. Baƙin allo kike tsayawa gabansa kullum. Wane ɗa ne zai yi shekara huɗu bai ci ba bai girma ba?"

Na ce ikon Allah ya fi haka. Ta ce ba ta musa ba, amma Allah ɗin ne ya yi likita. Akwai likitan mata a wani babban asibiti a Kano, yana zuba wani ruwa a mahaifa ya ɗauki hoto, a ga abin da ke ciki da inda ya toshe. Wasu ƙwaya ake ba su, wasu a hura musu hanya, wasu a yi musu aiki. Sai dai ba a yi wa mai ciki. Sai kin ce da bakinki ba ki da shi.

Na ce ta tashi ta tafi, azumi nake, kada ta ja mini zagi. Ta tafi tana dariya. Na raka ta har zaure, na kuma tambaye ta wace rana likitan yake zama.

Talata, 15 ga Agusta

Na taɓa wa Ashafa maganar Kano bayan shan ruwa. Ya ajiye ludayi. "In ruwan nan ya taɓa shi hwa? Mu yi haƙurin shekara huɗu, mu kashe shi da hannunmu saura ƙiris?" Ya ce shi a shago an sha kawo masa rediyon da mai ita ya ce ta mutu, ya taɓa waya ɗaya ta yi magana.

Ni ba rediyo ba ce. Ban faɗa ba.

Da zai yi faɗa, ko ya yi mini gori sau ɗaya, da na samu wanda zan yi fushi da shi. Mutumin nan ya fi ni yarda da cikin da ke jikina.

Laraba, 6 ga Satumba

Yawon sallah a Mawashi. Gero ya yi kai, hanya duk taɓo, motar Kusada ta sauke mu muka ƙarasa a ƙafa.

Inna ta sake tara itace a bayan rumbu. Itacen wankan jegona. Duk shekara sai ta tara, gara ta ci, ta ƙona rabi ta sake tarawa. Ta nuna mini kamar mai nuna kayan ɗaki. "Wanga karon ƙirya ce, ba ta jin gara." Na ce an gode, na shiga ɗaki na cusa kaina cikin zanenta.

Adda ta zo ta shafa cikin ta ce ya ɗan motso ƙasa. Ta ba ni saiwa a dafa da ɗan shila, da garin hayaƙi in tsuguna a kai. Wannan ne karo na nawa? Na karɓa da hannu biyu.

Asabar, 16 ga Satumba

Allah ka yafe mini. Na je ƙauyen Boko wurin wata mai bori. A sanin Ashafa, Mawashi na koma. Inna ce ta raka ni, ta tsaya waje tana jan carbi, wai kada zunubin ya shafe ta.

Matar ta yi ta gurnani ta ce wata baƙar iska ce ta zauna a kan ɗan, sai an yanka mata akuya. Ɗakin na warin turare da fitsarin awaki. Ina durƙushe gabanta ina tunanin 'yan ajina, in suka ga Malama Luba a haka. Wanda ya faɗa ruwa ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Na ba da akuyata, ja mai farin goshi, wadda na raina tun tana 'yar ƙarama.

Alhamis, 21 ga Satumba

Wata gwaggon Ashafa ta kawo shawarar wanzami, a yi mini yankan gishiri, wai hanya ce ta ƙuntata shi ya sa ya kasa tashi. Na faɗa wa Kubura. Ta kama wuyan rigata. Ta ce ta ga matan da aka yi wa, fitsari na bin ƙafarsu har su mutu, kuma in na yarda ita da ni har abada. Ban yarda ba. Amma sai da na kwana biyu ina tunani, wannan shi ya ba ni tsoro.

Litinin, 9 ga Oktoba

Jini bai zo ba.

Juma'a, 13 ga Oktoba

Har yau shiru. Ba zan faɗa wa kowa ba.

'Yan aji uku sun shuka wake a gwangwanayen madara, mun jera a taga. Na kowa ya fito sai na Jamilatu. Ta tona ta ga ya ruɓe, ta fashe da kuka. Na ce ta daina, a sake shuka wani. Ta ce ita nata take so. Na ba ta tsumma ta je ta share allo.

Laraba, 18 ga Oktoba

Ya motsa. Wallahi ya motsa. Ina tankaɗe na ji abu ya wuce ta ƙasan cibiyata kamar kifi. Na saki rariya na zauna a ƙasa.

Na faɗa wa Ashafa. Ya yi alwala ya yi nafila, ya fita ya dawo da tsire da lemun kwalba. Ya zauna yana kallona ina ci. Ya ce in namiji ne sunan Baba Malam za a sa. Na ce in mace ce fa? Ya ce to ta zo dai, ko Tabarma ne sunanta yana so. Rabona da irin wannan dariya na manta.

Adda ta yi gaskiya. Kubura za ta ji kunya. Ya Allah, ya Allah.

Lahadi, 22 ga Oktoba

Jini.

Litinin, 23 ga Oktoba

Ban je makaranta ba. Ashafa ya same ni kwance ya zauna bakin gado ya ce, "Ya koma ne. Mu ƙara haƙuri." Ban san lokacin da na tashi ba. Na ce ya koma ina? Na ce wa ya taɓa ganinsa? Na ce na gaji da zama gadon wanda ba ya tashi, na gaji da saiwa, na gaji da hayaƙi har cinyoyina sun yi baƙi. Na jefar da kwanon rubutu ya tarwatse a bango. Rubutun Baba Malam, ayoyin Allah. Na durƙusa ina goge bangon da mayafina ina istigfari.

Shi ya fita. Na ji shi a zaure yana fyace hanci.

Ina son ɗa. Ba wanda ake gaisarwa a ciki ba. Wanda zai yi mini fitsari a baya, ya hana ni barci, in doke shi in rarrashe shi. Ina so har haƙorana na ciwo.

Alhamis, 2 ga Nuwamba

Yau ba karatu a makarantar Baba Malam, na same shi shi kaɗai a zaure yana gyara alƙalami. Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa yi masa magana da ta wuce gaisuwa ba. Na durƙusa daga bakin ƙofa, kaina a ƙasa.

Na ce, "Baba, littafin da ya ce shekara biyar, ya ce a zauna a jira ne? Ya hana a je a duba?"

Ya ajiye alƙalamin, har na zaci na yi rashin kunya. Sannan ya ce, "Ɗiyata, littahin nan don ɗa aka rubuta shi. Don in ya zo a makare kada a sheganta shi, kada a ci mutuncin uwatai. Alƙali shi ke wa magana, ba likita ba." Ya ce shi an tambaye shi ko yana yiwuwa, ya ce yana yiwuwa. Ba wanda ya tambaye shi ko shi ne ke jikina, kuma da an tambaya da ya ce bai sani ba.

Ya sa aka kira Ashafa daga shago. Ban ji abin da suka ce ba. Bayan babbar sallah za mu Kano.

Litinin, 20 ga Nuwamba

Mun je mun dawo. Layi tun daga baranda har gindin bishiya, mata iri-iri, kowa da kati a hannu da ido a ƙasa. Ta kusa da ni daga Gumel ta zo, wannan zuwanta na ban san adadi ba. Ta ce ƙwayar da ake ba ta na sa ta ganin wuta-wuta, amma gara haka da zaman gida.

Likitan Balaraben Masar ne, wata nas ke mayar mana da magana. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, na ba da labari duka. Da na zo kan kwantacce nas ɗin ba ta ko ɗaga kai ba, da alama ta saba ji. Ya gwada fitsari, ya duba ni. Sannan ya ce a tambaye ni, ina da ciki ko ba ni da shi, don ba zai zuba ruwa ba sai na amsa.

Ashafa na bayan labule. Na san yana ji.

Na ce ba ni da shi.

Ashafa ma an ba shi 'yar kwalba an nuna masa wani ɗaki. Ɗan Malam Sada. Ya karɓa kunnuwansa kamar za su yi jini, ya je ya yi abin da aka ce. Ba zan manta masa wannan ba.

Alhamis, 30 ga Nuwamba

An yi hoton. Gado na ƙarfe mai sanyi, ƙafafu a sama, fitila a inda ko ni ban taɓa kallo ba. Da ruwan ya shiga na ji kamar ana murɗa marata da muciya. Ina ta cewa a raina, yi haƙuri, yi haƙuri, ban san wa nake ba haƙurin ba.

Ya ɗaga hoton a jikin fitila ya nuna mana. Wani ɗan farin abu mai kusurwa uku, bai kai tafin hannun yaro ba. Ya ce mahaifar ke nan. Ruwa ya cika ta fal, ba abin da ya tare shi. Ba kowa a ciki. Gani ya kori ji.

Ya nuna gefe biyu inda ya kamata ruwan ya bi ya fita kamar zare. Bai bi ba. Duka biyun a toshe.

Ya ce a tambaye ni bayan ɓarin da na yi ko na yi zazzaɓi. Na ce ni ban yi ɓari ba. Nas ta dube ni. Na ce na yi zazzaɓi. Ya ce wani abu ne ya rage a ciki ya ruɓe, ciwon ya hau ya liƙe hanyoyin. Da an kawo ni a lokacin an wanke, an yi mini allura, da wataƙila ba haka ba. Ko a shekarar farko ma da sauƙi.

Lafiyar Ashafa lau. Ƙwaya ba za ta yi mini komai ba. Saura aiki, a yanka a gwada buɗewa, kuma ya ce kada in sa rai da yawa.

Na ce a tambaye shi ta kwalba. Ya yi murmushin da ba na daɗi ba. Ya ce irin ciwona ne daidai aka yi ta dominsa. Amma duk duniya ba a fi ɗaya ko biyu ba, ba a ƙasar nan ba, ba yanzu ba. Wataƙila 'ya'yanmu su gani.

'Ya'yan wa?

Juma'a, 1 ga Disamba

An yi maganin ciwona, an ajiye shi a inda ba zan kai ba.

Asabar, 9 ga Disamba

Ashafa ya tafi da hoton shago. Kubura ta gan shi yana ɗaga shi a rana yana juyawa. Da ya dawo ya ce, "Malama, ƙila hoton bai kai inda shi ke ba. Ƙila ta baya ya laɓe." Na ce Maigida, don Allah. Ya ajiye hoton. Ya ce to ina ya tafi? In ba ya ciki, kuma bai fita ba, ina ya tafi?

Tambayar ta hana ni sukuni. Mutum biyu ne suka san amsa.

Laraba, 27 ga Disamba

Mawashi. Na samu Adda a tsakar gidan Inna suna ɓarzar gyaɗa. Ko zama ban yi ba. Na ce an duba, ba kowa. Na zaci za ta yi musu, na zo da maganganu cike da baki.

Ba ta daina ɓarza ba. Ta ce, "Na sani. Ni na ɗauke shi da hannuna."

Sai a lokacin na zauna.

Ta ce ya fita tun ranar, ina sume. Ita da Inna suka naɗe shi a ƙyalle suka rufe. "Ke ba ki ga kanki ba sa'annan. Shekara da shekaru ana jira, ga shi ya zo ya tahi. In mun ce maki ya hita, bin shi za ki yi. Dangin miji kuma su ce mahaihwarki ba ta riƙo. Sai mu ce ya kwanta. Mace ta samu ƙahwar tsayawa, miji ya kwantar da hankali, kahin shekara wani ya shiga, a ce wancan ne ya tashi. Haka na gada. Rabin garin ga ɗiyan kwantacce ne, je ki tambaya."

Na ce ni fa? Ni da wani bai shiga ba?

Ta ce, "Ke ce Allah bai nufa ba."

Na ce ba Allah ba ne, ku ne. Na faɗa mata abin da likita ya ce, na zazzaɓi da abin da ya ruɓe. Na ce kun rufa mini asiri kun rufe mini hanya. Na ɗaga murya a kan matar da ta yanke mini cibiya, maƙwabta na leƙe ta kan danga. Adda ta ce ita ba ta san da wata hanya ba, abin da ta sani ta yi.

Na juya kan Inna na ce itacen fa? Kina sane kike tara itace?

Ta ce, "Na mai zuwa ne. Kullum cewa ni ke bana."

Na so in tsane su. Na yi ƙoƙari har la'asar.

Alhamis, 28 ga Disamba

Da safe Inna ta kama hannuna ta kai ni bayan ɗakinta, gindin zogale. Ba tudu, ba alama, kaji na tono. Nan na sha shanya wanki. Nan na sha tsuguna kan hayaƙin tayar da shi.

Ta ce namiji ne. Ya yi yatsu.

Asabar, 6 ga Janairu, 1979

Na faɗa wa Ashafa duka. Ya tambaye ni sau biyu, "Namiji?" Washegari ya hau mota shi kaɗai ya tafi Mawashi. Inna ta aiko cewa ya tsaya gindin zogalen ya yi addu'a, ya gaishe ta kamar kullum, ya ƙi cin abinci.

Mun yarda ba za mu faɗa wa kowa ba tukuna, ban da Baba Malam. A gari har yanzu mai kwantacce ce ni. Ina amsa gaisuwar ina jin kamar na saci zanen wata na ɗaura.

Litinin, 15 ga Janairu

Na rubuta wa gidan rediyo in tambayi garin da likitocin kwalba suke. Na karanta na ga haukata, na sa a murhu. Ko sun faɗa mini, da wace ƙafa?

Zan yarda a yi aikin. Kubura ta ce za ta ɗauki hutu ta zauna da ni.

Alhamis, 22 ga Fabrairu

Na dawo gida. Ɗinki daga cibiya zuwa ƙasa, tari ma sai na riƙe ciki. Hanyar hagu ta lalace, likita ya cire ta. Ta dama ya buɗe iyakar iyawarsa, ya ce tana iya sake liƙewa, kuma in shekara biyu ta wuce shiru to in haƙura. Wani jiran ke nan. Aƙalla wannan na san abin da nake jira.

A gari an ce ƙari aka cire mini. Gwaggon Ashafa ta zo dubiya tana tambaya ko wuƙar ba ta taɓa mai barci ba. Na yi kamar barci ya ɗauke ni.

Inna ta zo da Adda. Adda ta tsaya a bakin ƙofa ta ƙi shigowa sai da na ce ta shigo. Ta duba ɗinkin ta ce wanda ya yi ya iya. Ta dama mini kunun kanwa da hannunta. Na sha.

Litinin, 26 ga Maris

Zafi ya fara. Na koma makaranta yau.

A bakin ƙofa Mairama mai ƙosai ta tare ni da murna. Ta ce, "Malama, sannu da tashi. Ya mutumin namu, har yanzu bai gaji da kwanciya ba?" Na buɗe baki in ce da godiya, yadda na saba. Sai na ji na ce, "Ya rasu, Mairama. Tun tuni. Namiji ne."

Ta saki matsami a cikin mai. Ta yi salati, ta kama hannuna da hannunta mai maiƙo ta ce, "Allah shi sa mai ceto ne."

Ba wanda ya taɓa ce mini haka. Na ce amin, na sake cewa.

Kafin la'asar magana ta zaga. Mata suka fara shigowa, ɗaya-ɗaya, sannan da yawa, har tabarmi suka ƙare aka aro na maƙwabta. Ba wadda ta tambayi yaushe ko ta yaya. Wasu tsofaffin da suka kalle ni na gane sun sani, wataƙila tun kafin ni. Wata ta kawo gero a ƙwarya. Na ji muryar maza a zaure, Ashafa na amsa musu, Baba Malam na cewa irin waɗannan ba sa shiga Aljanna sai sun ja iyayensu.

Gwaggo ta matso ta raɗa mini cewa in daure, ɗan fari ne, da kunya. Gaskiyarta, uwa ba ta kukan ɗan fari a gaban mutane. Ni dai na yi, har da majina, ba wadda ta hana ni.

Da suka watse na ji yunwa, na ci tuwo na ƙara.

Na duba abin da na rubuta a sama. Uwa na rubuta. Tawada ce, ba ta goguwa, a bar shi haka.